Shafin Sista Saratu da Tallan da Ba Ta Sa Ba

Shekara ashirin da biyu muka yi ni da Saratu Abubakar muna karɓar haihuwa a ɗaki ɗaya, a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ke tsakanin Keffi da Garaku. Ni sunana Febi, 'yar ƙabilar Mada ce ni, daga wani ƙauye a bayan Garaku. Ita kuwa 'yar cikin garin Keffi ce. A unguwar Liman Abaji aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, har yau kuma a gidan take. Gajeriya ce, ko kafaɗata ba ta kai ba, amma in ta ɗaga murya har masu sayar da lemo a ƙofar asibiti sukan yi tsit.

Masifaffiya ce, ba zan ɓoye ba, ita ma ba ta musu. Sai dai a duk zamanmu ban taɓa jin ta yi wa mai naƙuda tsawa ba. Faɗanta na mazaje ne da surukai da masu kemis. Na ga ranar da ta bi wani magidanci har bakin titi, ko safar hannu ba ta cire ba, don matarsa na zubar da jini shi kuma yana cewa sai ya je gida ya yi shawara kafin a wuce da ita babban asibiti. Ta tare gaban babur ɗinsa ta ce sai dai ya bi ta kanta. Ya sauko ya sa hannu.

A 2019 ta yi ritaya, na biyo bayanta da shekara ɗaya. Matan unguwa ba su san wata ritaya ba. Kullum zauren gidanta da baƙi, tambayoyin kuma su ne dai waɗanda ta shekara talatin tana amsawa: ƙafata ta kumbura, yaron ba ya motsi tun jiya, cibiyar jariri na wari, nono ya ƙi zuwa. Da ta gaji da maimaitawa sai ta koma naɗar muryarta a waya tana tura musu. Ba a jima ba ta ji wani saƙon nata yana yawo, an datse ƙarshensa, daidai wurin da ta ce a tafi asibiti. Ta kwana biyu tana faɗa ita kaɗai.

Ƙaninta Isma'ila ne ya kawo shawarar shafi. Ma'aikacin gwamnati ne, kullum yana kan hanyar Abuja, rabin rayuwarsa a cunkoson Mararaba yake yin ta. Ya ce, "Yaya, ki buɗe bulog. Shafi ne naki a intanet, ki rubuta abu sau ɗaya, duk wadda ta tambaya ki tura mata adireshin. Ba mai datse miki magana."

Wata Asabar ya ɗauke mu a motarsa zuwa shagon Ruben, wani mai gyaran kwamfuta da ke kusa da ƙofar jami'a. Ni rakiya na yi, don daga can kasuwa za mu wuce. Ruben magidanci ne mai sanyin magana, ɗalibai sun cika masa shago amma ya ja mana benci ya zauna ya yi bayani.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, akwai kamfanonin da suka tanadi komai. Ki ba da suna da imel, cikin minti goma shafi ya tashi, kyauta. Su ne masu gyara, su ne masu tsaro, amma su ne kuma masu doka, sunansu zai manne a jikin adireshinki, kuma suna iya sa talla. Ta biyu, ki sayi adireshinki na kanki, ki kama wurin ajiyar shafin a hannun masu ba da haya, ki ɗora manhajar rubutu da kanki. Ba mai sa miki abin da ba ki so. Amma duk shekara sai kin sabunta, kuma in abu ya lalace ke ce da shi.

Saratu ta ce, "Wane irin talla?"

Kafin Ruben ya amsa Isma'ila ya riga shi. "Tallan sabulu ne, Yaya, da na layin waya. Me zai dame ki? Mutumin da ko hasken wayarsa ba ya iya ragewa shi ne zai riƙe shafi da kansa?"

Ta harare shi, ta juya wajen Ruben. "Wanne ne zan fara rubutu a kai yau ɗin nan?"

Ya ce na farkon.

"To buɗe."

Da aka zo wani dogon rubutun Turanci mai ƙananan baƙaƙe, ta ciro tabarau za ta karanta. Isma'ila ya duba agogo, ya miƙa hannu ta saman kafaɗarta ya danna wurin amincewa. Ya ce, "Ba wanda yake karanta wannan a duniya."

Shekara biyu abin na tafiya lafiya lau. Tana da littattafan makaranta guda huɗu da ta cika da abubuwan da ta gani a bakin aiki, daga cikinsu take ɗaukowa tana bugawa da yatsa ɗaya. Hausarta irin ta zaure ce, ba ta kewaye-kewaye. Kan rubutun ma ya isa: “In kin ga jini, bar girkin nan.” “Toka ba maganin cibiya ba ce.” Mata suka riƙa tura wa juna. Tambayoyi na shigowa daga Lafiya da Akwanga da Kaduna, har wata ta rubuto daga Maraɗi. Ta kan kira ni ta karanta min, tana yi tana tsaki, amma na san daɗi take ji.

Wata Talata da hantsi ina gidanta muna tsinke zogale, sai ga Mu'mina ta yi sallama. Maƙwabciyarta ce ta bayan layi, mai sayar da atamfa, sun san juna tun suna 'yan mata. Ba ta zauna ba, gaisuwar ma a tsaitsaye ta yi ta. Ta buɗe jaka ta ciro wata kwalbar roba mai koren murfi, ta dire a kan tabarma.

"Ga sauran maganinki, Sista. Madina tana asibiti. An ciro ɗan, babu rai."

Madina 'yar Mu'mina ce, cikin fari, wata takwas.

Saratu ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane magani nawa? Ni na taɓa ba Madina magani?"

"Na shafinki. Ƙafarta ta kumbura, kanta na sara, ta karanta abin da kika rubuta, ta ga maganin a ƙasa ta aika aka kawo mata. Kwana tara tana sha. Shekaranjiya ta kama jijjiga a banɗaki."

Saratu ta ɗauko wayarta, ta buɗe rubutun. Na san shi, don tare muka gyara shi. Abin da ya ce shi ne, mai ciki in ta ga kumburi da ciwon kai kada ta kwana, ta je a auna jininta a ranar. Ta ja shi har ƙasa. Babu komai. Ta miƙa wa Mu'mina. "Ina maganin? Nuna min."

Mu'mina ta ciro tata wayar ta buɗe rubutun nan dai. A ƙarƙashin layin ƙarshe, ba tazarar ko yatsa ɗaya, ga hoton wata mata da farar rigar ma'aikatan jinya tana riƙe da kwalba mai koren murfi. An rubuta da Hausa: “Kumburin masu ciki? Kwana uku ya isa. Ba sai kin je layin asibiti ba.”

Ban taɓa ganin fuskar Saratu haka ba. Ta kalli wannan wayar, ta kalli waccan. Sai daga baya Ruben ya gaya mana cewa mai shafi, in ya shiga da kalmar sirrinsa, ba a nuna masa tallan. Masu karatu ake nuna wa, kuma kowa da irin wanda za a jefo masa, gwargwadon abin da yake karantawa.

A nan ne na yi abin da ya fi min wuya a duk abotarmu. Na ce, "Saratu, ni ina ganinsu."

Ta juyo a hankali. "Kina ganin me?"

"Tallan. Tun bara. Na rage tumbi, na sanyi, na ƙarin ni'ima. Na ɗauka kin sani. Na ɗauka ko wani abu suke ba ki."

"Kin ɗauka ni, Saratu, zan sayar da wannan ƙazantar? Shekara ashirin da biyu kina kallona ina zubar da irin kwalaben nan a masai, kika ɗauka da na tsufa na koma dillaliyarsu? Kuma kika yi shiru?"

Kunya ce ta hana ni tambayarta, na ga kamar zan shiga abin da ba ruwana. Ta yafa mayafi ta bi Mu'mina asibiti, ta bar ni da zogale. Mako uku ba ta ɗaga wayata ba.

Abin da ya faru a makonnin nan daga baya na ji, rabi daga bakinta, rabi daga bakin Isma'ila. Ta samu Madina a kwance, an yi mata aiki, da ƙyar take magana. Yarinyar ba ta zarge ta ba. Cewa kawai ta yi, "Na ga farar riga, Mama, na ɗauka ke kika sa. Na ce tunda ke ce, ba sai na je na wuni a layi ba." Saratu ta ce da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi.

Ran Lahadi ta je gidan Isma'ila ta same shi yana wanke mota. Ba ta bari ya gama gaishe ta ba.

"Tallan sabulu ka ce."

"Yaya, wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba ka amsa? Wa na tambaya, kai ko mai shagon? Na sa tabarau zan karanta, ka danna. Hannunka ne ya ce na yarda, ba nawa ba."

"Ko kin karanta ba za su rubuta miki sunan maganin ba. Kuma yarinyar ma ai da laifinta. Kin ce a je asibiti, ƙarara."

Ya ce bai san lokacin da ta fizge bokitin ta watsa ruwan a ƙasa ba. "Yarinya mai cikin fari, kanta na sara, idonta na ganin biyu-biyu, ita za ta tsaya bambance inda maganata ta ƙare da inda ta ɓarayi ta fara? Kai da digirinka ka bambance?"

Shi dai ta sa ya rubuta wa kamfanin wasiƙa da Turanci. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, suna godiya da ta tuntuɓe su, ra'ayinta na da muhimmanci a wurinsu. Ta sa ya sake rubutawa, ya faɗi cewa jariri ya mutu. Amsar nan dai ta dawo, ko waƙafi bai canza ba. A ta uku ne wani ya amsa, ko mutum ne ko na'ura, Allah masani. Ya ce tallace-tallacen daga wasu abokan hulɗarsu suke zuwa, ba su ke zaɓa ba, in kuma tana son shafi marar talla akwai tsarin da ake biya. Lambar wayar da ke jikin kwalbar kuwa, tun ranar da aka kira aka ambaci asibiti ba ta sake shiga ba.

Sai ta zauna ta yi rubutu mafi zafi da ta taɓa yi. Kansa: “Ba na sayar da magani, ban taɓa ba, ba zan taɓa ba.” Ta ɗora, ta aiki jikarta da ke zaune a wurinta ta aro wayar maƙwabta ta duba. A ƙarƙashinsa ga tallan wani garin magani mai sa naƙuda ta zo da wuri.

Ana cikin haka kuma saƙo ya shigo cewa an sauke ɗaya daga cikin rubuce-rubucenta saboda ya saɓa ƙa'idar tsiraici. Rubutun yadda ake kama wa jariri nono ne. Zanen da ke ciki ita ta yi shi da biro a takarda, irin wanda muke mannawa a bangon ɗakin awo. Ta ɗaukaka ƙara, aka ce an duba, hukuncin na nan.

Ranar ce ta kira ni. Ko gaisuwa babu. "Febi, suna da idon ganin zanen nono, ba su da idon ganin guba. Sa takalminki ki same ni shagon Ruben." Haka muka shirya, ba ta sake tayar da maganar shiruna ba, ni ma ban sake ba.

Ruben ya saurare ta har ta gama, ɗalibai sun daina abin da suke yi suna kallo. Sannan ya ce, "Mama, gaskiya zan gaya miki. Mafi sauƙi a wurinki shi ne ki biya su su cire tallan. Adireshinki bai canza ba, masu karatunki ba su ɓace ba, tsaro na hannunsu."

"In biya su ladan me? Su ɓata min suna, sannan in biya su su daina? Zanen nawa fa, in na biya za su mayar?"

"A'a. Dokar tana nan."

"To ɗaya hanyar."

"Tana da wahala, Mama."

"Na ciro yaro ta ƙafa da fitilar ƙwai. Buɗe."

Wannan karon ba wanda ya danna mata komai. Wuni guda muka yi a shagon. Duk takardar da ta fito sai ta sa tabarau ta bi ta layi-layi, inda Turancin ya fi ƙarfinta ta ce Ruben ya fassara, inda ba ta yarda da fassararsa ba ta ce in sake. Da aka zo rajistar adireshin, ya ce yawanci da imel ɗinsa yake yi wa mutane don sauƙi. Ta ce, "In ka koma garinku fa? In mun yi faɗa fa? Ni kuwa ina faɗa da mutane." Ya yi dariya ya sa sunanta da imel ɗinta da lambarta. Kalmar sirri ma sai da ta sa shi ya juya baya kafin ta buga.

Kwashe rubutun ya ci mako guda. Hotuna suka hargitse, na wankan jariri ya koma kan rubutun zubar jini, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyin mata da amsoshin da ta ba su a ƙarƙashin kowane rubutu, fiye da rabi ba su biyo ba. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai, don ta ce a can ne ainihin aikin yake.

Sai rigimar tsohon shafin. Ruben ya ce a bar shi da layi ɗaya mai nuna sabon adireshi, don duk saƙonnin da mata suka tura wa juna shekara biyu can suke kai mutum.

Ta ce, "Ƙarƙashin layin nan ɗaya, za su sa talla?"

"Za su iya."

"Goge shi."

"Mama, za ki rasa mutane da yawa."

"Goge shi, na ce."

Ta kuwa rasa su. Masu karatu suka ragu har ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na da ba. Matar Maraɗi ba a sake jin ɗuriyarta ba. Saratu ta sa aka buga mata sabon adireshin a 'yan ƙananan takardu, ta riƙa bin gidajen suna da ɗakunan awo tana rabawa. Ni na ɗauki na coci da na kasuwar Garaku. A hankali aka fara dawowa, amma har yau ba a koma kamar da ba. Ta mayar da zanenta, ta ƙara wasu guda shida, ta rubuta da manyan baƙaƙe a saman kowane shafi cewa nan ba a sayar da komai.

Wata takwas bayan nan wata tsohuwar ɗalibarmu ta kira ta daga Akwanga ta ce, "Sista, caca kika koma?" Ta buɗe shafin. Babu rubutunta ko ɗaya. Hotunan 'yan ƙwallo ne da lambobi suna walƙiya, da wani yare da ba mu san ko na wace ƙasa ba ne.

A keke mai ƙafa uku muka je shagon Ruben, tun daga bakin titi ake jin muryarta. "Ka ce ba mai sa min abin da ba na so!"

Ruben ya shiga cikin shafin ta ɓangaren mai shafi. Ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta, ya nuna mata wani jan ɗigo mai lamba a ciki. "Mama, wannan tun yaushe yake nan?"

"Ya daɗe. Ban san na mene ne ba."

"Na nuna miki ranar farko. Na ce duk lokacin da kika gan shi ki danna, manhajar ce take neman a sabunta ta. Goma sha huɗu ne suka taru. Ta nan masu kutse suka shigo. Kwafin ajiya da na ce ki riƙa saukewa duk mako fa?"

Sau biyu ta yi, ta bari.

Can ta ce, "To wa zan rubuta wa?"

"Masu hayar wurin za su ce su wuri suka ba ki, kuma wurin na nan lafiya. Babu wanda za ki rubuta wa, Mama. Naki ne."

Na zaci za ta fashe. Sai ta zauna a benci ta cire tabarau tana goge shi da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa. Da ta buɗe baki, da kanta take faɗa. "Ni da nake zagin mata a kan sun tsallake ranar awo. Sha huɗu!" Ta ɗago ta nuna Ruben da tabaran. "Kai ma da laifinka. Ka ga tsohuwa, ka faɗa mata abu sau ɗaya a ranar da ka faɗa mata abu ɗari, ka ce ka koya mata? Haka ake koyarwa a garinku?"

Ya ce ta yi haƙuri. Kwana uku ya yi yana share shafin. Rubutu goma sha ɗaya suka tafi, waɗanda ta yi bayan kwafin ƙarshe. Ta sake rubuta tara daga littattafanta. Biyun da suka rage daga ka ta yi su, ta ce ta gwada sun ƙi dawowa yadda suke.

Daga nan ta sayi sabon littafi ta koma ɗaliba. Wata guda tana zuwa shagon duk safiya, tana zama a tsakiyar 'yan jami'a, tana sa Ruben ya maimaita abu sau biyar har sai ta yi da hannunta ba tare da ya taɓa ba. Ta zana kowane maɓalli a littafin, ta rubuta aikinsa da Hausa a gefe. Yanzu duk Alhamis bayan ta karya, kafin ta taɓa komai, sai ta sabunta abin da ke neman sabuntawa, ta sauke kwafi biyu, ɗaya a waya, ɗaya a wani ɗan abin ajiya da take ɗaurewa a bakin zani tare da makullin ɗaki. Tana yi tana mita. Ta ce lokacin da ya kamata ta yi rubutu, rabinsa gadi take yi. Isma'ila ya taɓa cewa da ta biya kamfanin can da duk ba ta sha wannan wahalar ba. Ta ce gaskiya ne, kuma kada ya sake faɗa a gidanta.

A farkon bana aka yi mata aikin yanar ido. Mako uku likita ya hana ta kallon waya. Tana kwance da bandeji a ido, ina zaune kusa da ita, sai ta sa aka kira mata Ruben, ya zo gida, ya zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "In na mutu, shafin nan ya zai yi?"

"Allah ya ƙara lafiya, Mama."

"Amin. Amsa min."

"In shekara ta zagayo ba wanda ya sabunta, za a rufe shi. Bayan wani lokaci adireshin ma wani zai iya saya ya sa abin da ya ga dama."

"Da sunana a jiki?"

"Da sunanki."

"Na kyautan fa, da na bar shi?"

"Wataƙila ya fi daɗewa. Har ranar da kamfanin ya ga damar rufewa, ko ya canza doka."

Ta ja tsaki mai tsawo. "Wato ko ta ina aka bi, sai an samu mai cin amanar mutum. Wane irin abu ne wannan kuka ƙirƙiro?"

'Ya'yanta duk suna nesa, babbar tana Jos, mazan biyu suna Legas, kuma ta ce ba wanda ya san bambancin mahaifa da mabiyiya a cikinsu, ba za ta bar musu amsa tambayar mai ciki ba. Isma'ila kuwa ta ce ko kusa. Sai na ga bandejin ya juyo wajena.

Na ce, "Saratu, shekara ɗaya kika ba ni. In kin tafi ina bayanki."

"To kafin ki biyo ni sai ki koya wa wata. Ɗauko littafin can a kan firji."

Na ce idona ni ma ba shi da kyau, na ce ina da jikoki, na ce Garaku da nisa. Ba ta saurari ko ɗaya ba. Yanzu wata na biyar ke nan duk Alhamis ina shiga motar safe in sauka Keffi, in hau keke zuwa Liman Abaji, in zauna a gaban wata tsohuwar kwamfuta da Ruben ya haɗa mata. Ba ta yarda in duba littafin sai na kasa sau biyu. Makon jiya na sauke kwafin na ajiye shi inda na kasa ganowa, muka shafe awa guda muna nema. Ta kira ni da sunaye uku da ba zan rubuta su a nan ba. Da muka same shi ta ce in goge in sake daga farko, ita kuma ta shiga kicin ta ɗora mana doya.